Ɓawon Ƙwan Mwalimu Nsiande

Mwalimu Nsiande, wato Malama Nsiande a yarenmu, ba ta zuwa rumfata ta sayi dankali da ƙwai ba tare da ta leƙa bokiti ba. Ɓawon ƙwai take nema, da tsohon man suya da ya yi baƙi. Tun mahaifina na riƙe da rumfar nan a Morogoro take zuwa, gajeriya mai furfura, da takalmin roba da buhu a hannu. Baƙi kan ɗauka mai kiwon kaji ce.

Farfesa ce a jami'a. Ta taɓa yi mini bayanin aikinta ina juya ƙwai a kasko. Ana ƙona ɓawon da wuta mai tsanani har ya zama farin gari, a zuba shi cikin tsohon mai tare da wani sinadari, sai garin ya sa man ya rikiɗe da sauri ya zama irin wanda injin dizal ke sha. Garin kuma ba ya ƙarewa, in ji ta, ana tace shi a sake aiki da shi. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta ɗaga sunanta. Masu bincike a ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba suna kafa hujja da rubutunta. Ɗalibanta sun watsu duniya, kuma duk wanda ya dawo, kan bencina take zaunar da shi ta tsare shi da tambayoyi har abincinsa ya huce.

Cikinsu babu kamar Gwamaka, ɗan garin Mbeya. Lokacin da ya rasa ɗakin kwana yana ɗalibi, a gidanta ya zauna, tare da 'ya'yanta ya ci tuwo. Yanzu babban mai bincike ne a Afirka ta Kudu.

Wata rana da la'asar ya zo shi kaɗai, ya sa na soya masa, ya bar farantin a gabansa. Can ya ce mini ya buga rubutu a mujallar masana, ya nuna cewa garin ɓawon nan na Mwalimu yana narkewa kaɗan-kaɗan cikin man, a hankali ya toshe inji. Ya aika mata kafin a buga, ba ta amsa ba. Watanni ke nan. Tun safe yake zuwa ƙofar gidanta yana juyowa. Ba sunansa ne ya dame shi ba, tsoro yake kada ya gaishe ta ta kawar da kai. Na ƙara masa barkono.

Muna nan sai ga ta da buhunta. Gwamaka ya miƙe, ya sunkuya, ya yi mata gaisuwar da ƙarami ke yi wa babba.

"Shikamoo, Mwalimu."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, sannan ta amsa gaisuwar. "Marahaba. Ka rame. Ba sa dafa abinci a can ne, sai dai rubutu?"

Ta zauna, ta ce ta karanta rubutunsa, amma ba a amsa irin wannan magana da wasiƙa. Duk watannin nan tana ɗakin gwaji tana maimaita aikinsa da hannunta, shi ya sa ta kwashe ɓawon unguwar nan kaf. Abin da ya gani, ita ma shi ta gani. Ta ma riga ta rubuta wa mujallar haka.

Gwamaka ya fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu. Ta ce akwai abin da ya ɓata mata rai, amma ba wannan ba ne. Rubutun nasa ne cike da kwana-kwana, kamar mai tsoron taka ƙafar wani.

"Ka auna ko ba ka auna ba?"

"Na auna, Mwalimu."

"To ɓoye-ɓoyen na mene ne? Tausayina kake ji? Wani zai zuba man nan a injinsa na niƙa, ɗana. Shi za ka tausaya wa."

Ya goge ido da bayan hannu yana dariya. Ta tambaye shi me za a haɗa wa garin ya daina narkewa. Ya ce ya soma gwada tokar ƙaiƙayin shinkafa. Ta jawo farantinsa da ya huce ta fara ci, ta ce ya yi magana a hankali, tsohuwa ce, tana so ta fahimta.