Anacleto Tzub da Bindigar Kompadrensa

Ranar Talata, uku ga watan Mayu na 2011, na fara ganin Anacleto Tzub Ical. Ana yayyafin nan na garinmu Cobán wanda ba ya jiƙa mutum lokaci guda, sai ya yi ta bin sa a hankali har sanyi ya kai ƙashi. Ya shigo ofishin kamfaninmu na masu gadi, Tres Cerros, inda nake aikin akawu, takardunsa a cikin ledar burodi, ya cire hula ya tsaya. Gajere ne mai faɗin ƙirji, shekarunsa arba'in da uku. Na tambaye shi ko ya taɓa riƙe bindiga.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni na neme ta ba, ita ta neme ni."

Yana ɗan shekara sha tara ya kai wake kasuwar Carchá, sojoji suka tare ƙofofin kasuwar suka kwashe samari a mota, har da shi, aka sa su aikin soja dole. Bai sake ganin gidansu ba sai bayan shekara biyu da wani abu. Da ya dawo ya yi noma, ya yi dako, ya auri Marcelina Bol, suka haifi 'ya ɗaya, Yesenia. Da noman ya daina ciyar da gida sai ya zo wurinmu.

Ya ci jarrabawar da hukuma ta gindaya, ta ilimi da ta harbi da ta lafiyar ƙwaƙwalwa, aka tabbatar ba shi da tabon laifi, aka ba shi katin gadi. Kamfani ya ba shi eskopeta, bindigar nan mai watsa ƙananan dalma da ake gani a kafaɗar kowane mai gadi, daga bakin kantin magani har motar lemo. Cleto, yadda kowa ke kiransa, ya riƙe ƙa'idar aikin da kyau, har ya zama shi ke karanta wa sababbi. Mutum da katinsa, bindiga da takardarta. Bindigar ta kamfani ce, lambarta tana ofishin rajistar makamai, an harba ta a can an ajiye harsashin shaida. Ba ta kwana a gidanka, ba ta zuwa biki, ba ka ara wa ɗan'uwanka.

Akwai kuma wani nau'in da bai shafe mu ba, wato bindiga mai sarrafa kanta, mai ɗan maɓalli a gefe da ke juyawa wuri uku: kulle, ɗai-ɗai, da kuma inda take zazzaga harsashi muddin yatsa na kan kunama. Wannan sai da izini na musamman. Kamfanoni ƙalilan ke samu, galibi masu rakiyar kuɗin banki, kuma kamfaninmu ba ya cikinsu. Farar hula kuwa sai ya kawo hujja mai ƙarfi ta buƙata, sannan da wuya a ba shi. Wanda aka kama da ita ba izini, shekara goma ne ko fiye, kuma ba a fansar su da tara.

Tun kakar kofi ta farko da ya yi da mu wani ɗan kasuwa ya nemi Cleto da sunansa. Don Otoniel Barrientos ne (Don laƙabin girmamawa ne a nan), mai sayen kofi, yana da filin shanya da sito da manyan motoci biyu. Uban Cleto ya yi wa ubansa aiki, kuma Don Otoniel ne ya riƙe Yesenia a coci ranar da aka yi mata baftisma. Tun daga ranar suke kiran juna kompadre, sunan zumuncin baftisma, Marcelina kuma ta zama komadre, kuma a ƙasar nan ba a ce wa kompadre a'a a gaban mutane. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu Cleto na zaune a gaban mota, eskopeta tsakanin gwiwoyi, yana rakiyar buhunan kofi zuwa babban birni. Direban, Maco, ƙato ne mai surutu. Yana kiran Cleto Janar, Cleto na kiransa Tumbi.

"Janar, in 'yan fashi suka fito, ka tashe ni in ga yaƙi."

"Kai dai riƙe sitiyari, Tumbi. Harsashi in ya shiga cikinka ɓata zai yi, sai an yi cigiya."

A Nuwamban 2014 aka tare motar wani maƙwabcin Don Otoniel a gangaren Purulhá, kan hanyar babban birni, aka kwashe kayan, aka karya wa mai gadin hannu. Direban motar ya ce bindigogin 'yan fashin masu zazzaga ne. Ranar Juma'ar makon Don Otoniel ya kira Cleto cikin sito, ma'aikata na ɗinkin buhu suna kallo, ya kwance wani tsohon bargo. Doguwar bindiga ce ta zamanin yaƙi, uban Don Otoniel ya bar ta, an shafe ta da mai tana sheƙi. Cleto bai buƙaci a gaya masa ko wace iri ce ba. Babban yatsansa da kansa ya tafi inda maɓallin yake.

"Daga Litinin ita za ka riƙe, kompadre. Waccan taka ta korar tsuntsaye ce."

"Tana da takarda, kompadre?"

"Kai ba kana da kati ba? Kai ne takardarta. Kuma duba nan, na sa maƙeri ya ɗaure maɓallin da ƙusa, ɗai-ɗai kawai take fita. In rana ta ɓaci, ka zare ƙusar. Dabara ke nan."

Cleto ya dubi ƙusar, ya dubi masu ɗinkin buhu, ya ce, "Na ji, kompadre." Bai ce ya yarda ba, bai ce ya ƙi ba.

Maganar ƙusar ta ɗan shige shi, domin da yawa a garin nan haka suka ɗauka. Da yamma ya biyo ta ofis ya tambaye ni, wai wani abokinsa ne ke son sani. Na gaya masa abin da na sani: katin gadi ba ya halatta kowace bindiga da aka miƙa wa mutum, kuma ƙusa ba ta sauya sunan bindiga a wurin doka. Wadda aka ƙera don ta zazzaga, mai zazzaga ce ko an ɗaure ta. A shingen bincike wanda aka samu da ita a hannu shi za a fara ɗaurewa. Na ce in abokin ciniki ne ke matsa wa abokin nasa, ya faɗa wa kamfani, kamfani ya kai rahoto.

Ya ce, "A kai 'yan sanda gidan mutumin da ya riƙe 'yarka a coci? A'a. Abokin nawa ya san yadda zai yi."

Ya fita da tafiyarsa ta kullum, ba sauri ba nawa. In ya riƙe bindigar, kati da 'yanci suna kan hanya kullum. In ya ƙi a gaban ma'aikata, ya kunyata kompadre, zumuncin gidaje biyu ya tsinke, aikin kaka ya tafi. Cleto bai ga dalilin zaɓar ɗaya daga cikinsu ba.

Ranar Asabar Marcelina ta yanka talotalon da take kiwo don Kirsimeti. Ta yi jar miyar nan mai yaji da ake yi don manyan baƙi, ta naɗe ƙullin masara a ganye ta turara, ta niƙa kakawo, ƙwayar da ake yin cakulan da ita, a dutse don abin sha. Aka aika wa Yesenia, wadda ke karatun jinya, ta zo. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci su uku suka hau tudu zuwa gidan Don Otoniel, tukunya a kan Marcelina, kyandir a hannun Yesenia, Cleto da farar rigarsa ta sallar coci, ba kaki ba bindiga.

Haka mutanensu ke kai babban roƙo. Da haka ake neman aure, da haka aka nemi Don Otoniel ya zama uban baftisma shekara sha tara da suka wuce. Ana zuba kakawo a ƙaramin ƙoƙo a miƙa da hannu biyu. In mutum ya sha, ya karɓi roƙon ke nan. In ya bar shi a ajiye, masu roƙo su ɗauki tukunyarsu su koma, ba a kuma sake maganar. Don Otoniel ya san wannan sarai, kakarsa ta wajen uwa 'yar ƙauyen su Cleto ce.

Da ya hango su ya fito yana dariya. "Komadre! Talotalo tun Kirsimeti bai zo ba? Yesenia, wane ja'irin ne? Ku kawo shi in duba haƙoransa."

Aka zauna a baranda. Marcelina ta miƙa ƙoƙon, ya karɓa ya nufi baki da shi, a zatonsa zancen aure ne. Cleto ya sa hannu ya taɓa masa gwiwar hannu.

"Kada ka sha tukuna, kompadre. Ka fara ji. Ba na so gobe ka ce na yi maka wayo."

Don Otoniel ya sauke ƙoƙon a kan tebur.

"Roƙona biyu ne. Kada ka sa ni riƙe bindigar nan. Sannan ka fitar da ita daga gidanka ta hanyar da ta dace, ka nemi lauya ya miƙa ta ga hukuma."

"Don wannan kuka yanka talotalo?"

"Don wannan."

"Kai da ka yi soja kake tsoron ƙarfe?"

"Don na yi sojan ne. Na san abin da take yi in an saki maɓallin. Bakinta sama yake tashi, kompadre, ba ta tambayar wa ke gaba. Hanyar nan akwai motocin haya, akwai mata masu sayar da lemu a bakin titi. Kuma tun kafin mu kai wurin 'yan fashi akwai shingen 'yan sanda."

"'Yan sanda! Ina suke ranar da aka karya wa wancan hannu? Ɓarawo ba ya neman izini, ni mai dukiya ne za a ce in cika takarda?"

"Gaskiyarka ce, ba ya nema. Shi ya sa ake kiransa ɓarawo."

Don Otoniel ya miƙe ya je bakin baranda ya juya musu baya. Ya ce bindigar ubansa ce. Ya ce in aka kwashe mota ɗaya, wa zai biya manoman da suka ba shi amanar kofinsu? Cleto ya ce ya yi magana da masu gadin wasu 'yan kasuwa biyu, ana iya jera motoci a tafi tare da rana, kowace da mai gadinta, a daina tashi da asuba don cin kasuwa. Don Otoniel ya yi tsaki ya ce shi bai taɓa bin bayan motar kowa ba. Kumfar kakawo ta kwanta, tururin ya daina tashi.

Marcelina ba ta cika magana a gaban maza ba, amma ranar ta yi. "Kompadre, ka tuna abin da fadan coci ya tambaye ka da yarinyar nan tana hannunka? In ubanta ba ya nan, wa zai tsaya mata? Ka ce kai. To in aka rufe shi shekara goma, kai ne. Sai dai kuma za su tambaye shi bindigar wa ce, shi kuwa ba ya iya ƙarya, ka san shi. In ku biyun kuna ciki, wa za ta kira ranar aurenta? Maco?"

Yesenia ta ce, "Ni dai ban da Maco, Baba Otoniel. Zai cinye abincin bikin kafin baƙi su zo."

Dariya ta kusa ƙwace masa, ya danne ta da tari. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya dawo ya ɗauki ƙoƙon ya shanye a tsaye, ya yatsine fuska.

"Ya huce, komadre."

"Kai ka bar shi ya huce."

"To zuba miyar. Kun yanka mini talotalo kun kuma ƙwace mini bindiga, aƙalla a ba ni cinya."

Ranar Litinin Cleto ya zo ya karɓi eskopetarsa kamar kullum. Na tambaye shi labarin abokin nasa, ya ce lafiyarsa ƙalau, yana gaishe ni. Sauran na ji shi ne daga bakinsa da bakin Maco, shekaru bayan haka. Lauyan Don Otoniel ya bi hanyar da ake bi, bindigar ta koma hannun hukuma, ba a tuhumi kowa ba. Don Otoniel ya nemi izinin mallakar irinta ta halal, aka hana shi, abin da ya yi ta mita a kai har yau.

Motoci suka riƙa tafiya a jere da rana. Ba wai hakan ya hana fashi gaba ɗaya ba. A Janairu wata motar Don Otoniel ta lalace ta rabu da ayari, aka tare ta aka kwashe rabin kayan, ba a taɓa kowa ba. Cleto ba ya cikinta, amma shi aka kira sito aka zazzage wa faɗa. Ya saurara har ƙarshe, hula a hannu, ya ce, "Buhu aka ɗauka, kompadre. Buhu yana dawowa baɗi." Wata biyu Don Otoniel bai yi masa magana ba sai ta bakin Maco. Da kaka ta zagayo, ya sake nemansa da sunansa.

Cleto ya yi aiki da mu har ƙarshen 2021, lokacin da gwiwoyinsa suka ƙi zaman mota. Ya mayar da kati da kaki da eskopeta ranar da ya ajiye aiki. A duk shekarun nan sau biyu ya harba ta a bakin aiki, duka a sama. Yanzu yana ƙauyensu a bayan Carchá, yana noman masara da ɗan kofi, Marcelina na kiwon talotalo. Yesenia tana aikin jinya a Cobán. Ta yi aure a 2019, ubanta da Don Otoniel suka raka ta cikin coci, ɗaya a dama ɗaya a hagu.