Jirgin da yayana ya so saya

Shekarun baya, wajen tsakiyar shekarun tamanin, yayana ya dawo gida, unguwarmu ta Nima, bayan ya daɗe yana aiki a manyan jiragen ruwa. Ya dawo da buri guda: ya sayi wani jirgi na hannu mai tafiya da iska, ya riƙa yawo da Turawa a teku. Irin jirgin nan ne mai ciki biyu, kamar an jera kwalekwale biyu an shimfiɗa katako a tsakaninsu. Mahaifiyarmu ta tsani zancen. Ɗa namiji ɗaya gare ta, kuma a ganinta teku ta riga ta ci rabonta na shekarunsa.

Da ta ga ba zai ji ba, sai ta kira ni. "Ki bi shi. Ko aure za a yi, ba a tambayar gidan yarinya, maƙwabta ake tambaya. Idan akwai abu, kada ki bari ya sa ƙafa a ciki."

Ni kuwa a lokacin ƙwarya da tukwane nake sayarwa a kasuwa. Ruwan da na sani bai wuce na famfo da na kwata ba, amma aka naɗa ni mai binciken jirgi.

Mai sayarwa ya ce mu zo ran Talata. Muka hau trotro, wato motar haya, zuwa wani ƙauyen masunta can gaba da garin Tema. Mu 'yan zango Juma'a muka sani, ban taɓa lura ba cewa masuntan ƙabilar Ga ba sa shiga teku ran Talata. Rana tsaka muka isa, ruwa fayau, babu kwalekwale ko ɗaya a kansa. Masunta na zaune suna gyaran raga, dukansu a can gefe guda. Jirgin yana kan yashi shi kaɗai, fari tas da sabon fenti, ko akuya ba ta raɓi inuwarsa ba.

"Cale, abokina, jirgi nan ba shi da wahala," in ji mai sayarwa. "Oburoni ne, wato Bature, ya gina shi, ya tafi gida."

Yayana ya duba igiyoyi da tamfol ɗin da iska ke turawa, ya leƙa cikin hagu, sai murmushi yake. Ƙofar cikin dama kuwa an kafe ta da ƙusa. Wai don ɓarayi.

Ni abin da na iya na yi. Ƙwarya ba a sayenta sai an ƙwanƙwasa, don haka na bi jikin jirgin ina bugawa da zobena. Hagu ya yi amo mai kyau. Na zagaya dama na buga a ƙasa, wajen ciki. Na ɗauke hannu ke nan sai aka buga daga ciki, a hankali, daidai inda na taɓa. Gashin jikina ya tashi. Na sake bugawa, aka sake amsawa.

Yayana ya yi dariya. "Kwalba ce ke yawo a ruwan da ya taru ciki. Ke dai tsoro kamar farar kura."

Na wuce wurin wata tsohuwa da ke banda kifi a nesa. Na sayi kifin da ba na bukata, muka yi ta hira da yaren Twi da 'yar Hausarta, kafin na nuna jirgin da baki. Ta daɗe tana juya kifi ba ta dube ni ba.

Ta ce Bature ne da matarsa suka fita da shi wata Talata, an hana su ba su ji ba. Mijin, ruwa ya kawo shi gaɓa. Jirgin kuma bayan kwanaki aka same shi a kife, masunta suka ɗaure suka jawo, har da mijin tsohuwar a cikinsu. "Tun daga can suna jin bugu a ciki," in ji ta. "Suka ce jirgi da ya fita ran Talata, abin da yake bugu ba mutum ba ne. Ba wanda ya sa gatari. Da suka kai tudu, bugu ya tsaya. Da aka juya shi, aka ga gawar matar."

Na koma na faɗa wa yayana a gaban mai sayarwa. Yayana ya ce tatsuniyar 'yan kifi ce. Na ce to a buɗe, in ba haka ba nan zan zauna a kan yashi har a zo daga Nima a ɗauke ni. Ya san halina, shi da kansa ya zare ƙusoshin.

Ciki a bushe yake ƙayau. Babu ruwa, babu kwalba, babu abin da zai motsa. Sai sabuwar leda a shimfiɗe. Yayana ya ɗaga ta, sai ga katakon ƙasa an kankare shi da wuƙa, rami ya kai faɗin faifai, kankara a kan kankara.

"Me ya sa za a haƙa ƙasa?" na tambaye shi.

"Idan jirgi ya kife, ƙasa ita ce rufi," ya ce. "Ƙofa tana ƙarƙashin ruwa. Ta nan take son fita."

Ya sa babban yatsa a tsakiyar ramin ya danna. Katakon ya lotsa kamar kwali. Ya ce, "Saura kaɗan." Muka juya gida.

Bai sayi jirgin ba. Mahaifiyarmu ta yi sadakar masa ran Juma'a, ta yi ta shi min albarka, ni ma na yi ta hura hanci wai na ceci ɗan'uwana. Sai daga baya na ga abin da ya biyo. Yayana bai sake shiga teku ba, ko a babban jirgi. Ya zama direban trotro tsakanin Nima da unguwar Malam har tsufansa, mutumin da a da in ya fara labarin ruwa sai an roƙe shi ya yi shiru.

Har yau ban san abin da ya amsa min ba, kuma na daina neman sani. Abin da ke damuna daban ne. An aike ni in dawo da shi da rai, na kuwa dawo da shi, kuma da za a sake, haka zan yi. Amma sau ɗaya, da gashinsa ya yi fari, na tambaye shi ko yana kewar teku. Ya ce, "Kullum. Sai dai duk lokacin da na tuna ta, ba a sama nake ganin kaina ba, a cikin jirgin nan da ya kife nake."