Ramin Mzee Lutaaya

Shekara ashirin da shida Mzee Lutaaya, wato dattijo Lutaaya a yarensu, yana yankan ciyawa a makarantarmu da ke kan tudu a bayan garin Masaka, can gaba da Kampala, kuma kusan rabinsu ya yi su ne yana shan faɗa a kan rami ɗaya.

In aka yi ruwa, duk dattin makarantar gangarawa yake yi: wanke-wanken kicin, baƙin man babura, da abin da ba a faɗa daga bayan masai. A gindin tudun kuwa akwai idon ruwan da matarsa, Nakirya, take ɗiba. Shi ya sa ya haƙa rami mai faɗi a bakin shinge, ya zuba tsakuwa da yashi, ya dasa ciyayin fadama. Ruwa ya zo ya kwanta, ƙasa ta shanye, idon ruwa ya zauna garau.

Shugabarmu, Madam Nabbosa, ba ta ƙaunar ganinsa.

"Mzee, kiwon sauro muka ɗauke ka? Ka cike ramin nan ko ka ajiye mana addarmu!"

"To, Madam, gobe in Allah ya kai mu."

Goben nan ta shekara goma sha biyu.

Rannan wata injiniya daga Kampala ta leƙo, ta tsaya a bakin ramin baki buɗe. Wai sunansa lambun ruwan sama, wai har jami'a ake zuwa a koyo shi. Ta ce ran Juma'a za ta kawo manyan baƙi.

"Ai tun da na zo nake cewa a kula da shi," in ji Madam. Ni da na sha jin ihunta, sai na sunkuyar da kai.

To, mu nan in baƙi za su zo, abu biyu ake yi: a aske duk wata ciyawa, a shafa wa duwatsu farar ƙasa. Ran Alhamis Madam ta aiki Lutaaya gari ya sayo sabuwar riga, kada ya ba mu kunya. Kafin ya dawo ta fito da 'yan aji bakwai, sun share wurin tas, sun cike ramin don baƙi su sami wurin tsayawa, an kafa allo mai sunanta.

Ya dawo da rigar a leda, ya tsaya kawai. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

Baƙi suka iso tare da hadari. Muna tsaye a baranda jan ruwa ya bi ta gindin allon, ya wuce abinsa zuwa tulun Nakirya.

"Ina lambun?" in ji injiniya.

Madam ta juya. "Mzee, ana tambayarka!"

Ni da ke aiki a ofishin Madam aka sa na buga takardar sallamarsa. Laifinsa: sakaci da lambun ruwan saman makaranta.

Da safe na hango shi da sabuwar rigarsa, taku ɗaya a wajen shinge, yana haƙa.