Yayen da ya tsallaka iyaka

"Iya, takardar kotun Ɓaɓura ba ta aiki a Nijar." Haka Habu, tsohon mijin 'yata, ya ce min shekaranjiya a zauren mai garinsu can bayan Magarya, yana wani gyara hula.

Bayan sun rabu da 'yata ne ya ɗauki jikata Ummi, wai zai kai ta yaye wurin mahaifiyarsa. Damina ta shiga ta fita, Ummi shiru. Kotu ta ba uwa riƙo, shi kuwa ya kashe waya. 'Yata kullum kuka. Sai na ɗaura ɗamara na hau acaɓa da ciwon gwiwata.

Na ce, "Habu, riƙe bakinka, ba wurinka na zo ba." Na juya ga mahaifiyarsa, wadda ke goye da Ummi.

"Hajiya, tsakaninki da Allah, yaye aka kawo miki ko riƙo?"

Ta ce, "Yaye ne. Kuma na yaye ta tuni."

"To a garinku, in an gama yaye ina ake kai yaro?"

Ta kwance goyon ta miƙo min. Ta dubi ɗanta: "Hatsinta da suturarta kuma kai za ka riƙa kaiwa, mai gari shaida."

Yanzu haka Ummi na bayan uwarta, ta cinye min ƙosai ko godiya babu.

Ku faɗa min, kakanni, in ku ne, da wa za ku fara magana, da shi ko da mahaifiyarsa?