Inda Mista Lem Yake Kwana

A ofishin zaɓe na gundumarmu akwai wata tsohuwar durowar ƙarfe da ba a cika buɗewa ba sai an yi rasuwa. A cikinta muke ajiye katunan rajistar da aka cika da hannu tun kafin zuwan kwamfuta. Shekarata ashirin da shida ina akawu a nan, kuma makullinta a hannuna yake. Ranar Talatar da ta wuce sunan Lemuel Barnhill ya fito a jerin mamatan da ake aiko mana duk wata, sai na buɗe na zaro katinsa. Kwanan watan da ke jiki shi ne sha huɗu ga Maris, 1966. Katin da ke gabansa na mahaifinsa ne, Amos Barnhill, kuma rana ɗaya aka cika su.

Duk garin Mosley Mista Lem muke ce masa. A gonar taba aka haife shi, gonar da ba tasu ba. Mahaifinsa ya je yin rajista sau uku ana koro shi, kowane zuwa sai a miƙa masa tsarin mulki a ce ya karanta ya kuma bayyana ma'ana, abin da ba a tambayar farar fata. Da doka ta canza suka tafi tare, uban ya sa kwat ɗinsa na coci, ɗan kuma ya ari takalmi. Daga nan Mista Lem ya kama aikin lodin buhunan auduga a masaƙa, ya auri Mis Odessa, suka sayi ɗan gida a Unguwar Masaƙa, dab da layin dogon da ke shiga cikin masaƙar. Da aka rufe masaƙa aka tumɓuke ƙarafan dogon, sai ya sayi zirin filin da suka bari, ya faɗaɗa falo, ya gina ɗaki ɗaya a baya da hannunsa.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne motar coci. Dikin ne, wato mai taimaka wa fasto, a majami'ar Dutsen Zaitun, inda rumfar zaɓen unguwar take. Duk ranar zaɓe tun da sassafe yake fitowa da farar motar, yana bi gida gida yana ɗibar tsofaffi da marasa abin hawa. Ba ya tambayar kowa wa zai zaɓa. Yana da ɗan littafi da yake rubuta sunan duk wanda ya ɗauka, washegari ya kawo mini mu gwada da nawa, ko akwai wanda ya shiga mota amma bai jefa ƙuri'a ba. Tare da littafin yakan zo da kek ɗin dankali na Mis Odessa, a naɗe cikin tawul. Shi da ita su ne na ƙarshe a layi kowane zaɓe, sai ya sauke fasinjan ƙarshe sannan su shiga tare. Shekarar da mazaɓarmu ta fara tura baƙar fata majalisar wakilai ta tarayya, tsohon Amos yana raye amma ƙafa ta mutu. Mista Lem ya sungume shi daga mota har gaban akwati. Mahaifiyata Hattie tana wurin, ita ta ba ni labarin.

Bayan kowace ƙidayar jama'a ana sake shata iyakokin mazaɓu, kuma masu rinjaye a babban birnin jiha su ke riƙe da alƙalami. Aikin iri biyu ne, mu da ke ofis mun san shi sarai. Mutanen da ba sa zaɓenka, ko ka tara su a mazaɓa guda su ci kujera ɗaya da rarar da ba ta da amfani, ko ka yayyanka su ka zuba cikin mazaɓun da kake da rinjaye, su nutse. Shekarar da Mista Lem ya cika saba'in da shida aka yi wa Mosley duka biyun. Sabuwar mazaɓa ta taso daga bakin teku, tafiyar awa uku a mota, ta ratso gonaki siririya, ta shigo ta gutsuri rabin Unguwar Masaƙa. Mutane suka sa mata suna Wutsiya. Masu zanen ba su taɓa zuwa garinmu ba. A taswirarsu layin dogon masaƙa yana nan, shi suka bi suka ja iyaka, alhali rabon da jirgi ya bi ta wurin an fi shekara talatin.

Kwamfuta ta rarraba kowa, ban da gidaje huɗu da iyakar ta ratsa ta tsakiyarsu. A irin wannan, dokarmu ta ce inda mutum ya saba kwana shi ne mazauninsa. Saboda haka a ƙarshen Satumba na ɗauki tef ɗin awo, da tsohon zanen filayen masaƙa, da takardun rantsuwa, na bi gidajen. Na Barnhill ne na ƙarshe.

Sai da na ci soyayyar tarwaɗa da burodin masara kafin Mis Odessa ta bar ni na fara awo. Na auna sau biyu. Iyakar ta shigo ta kusurwar kicin, ta tsaga falo a karkace, ta fita ta gefen rijiya. Barandar gaba da ɗakin gaba sun rage a tsohuwar mazaɓa. Kujerun falo, da kicin, da ɗakin baya, duk sun faɗa Wutsiya. Na zauna na buɗe takarda, na tambayi Mis Odessa inda take kwana. Ta ce ɗakin gaba, tun ranar da aka kawo ta. Na juya ga Mista Lem. Ya gyara zama, ya ce ai tambayar ba ta da wani amfani, miji da mata ne.

Mis Odessa ta ajiye kofin shayinta. "Dikin, takardar rantsuwa ce fa. Faɗa wa yaron inda kake kwana."

"Odessa, ba da ke ake ba."

"Shekara goma sha tara, Wendell. Rubuta. A ɗakin bayan da ya gina a filin jirgi yake kwana, kuma ya dace da shi, don minsharinsa da na jirgin ba su da maraba."

Ban ɗaga kai daga takarda ba. Duk Lahadi mutanen nan hannu cikin hannu suke shiga coci, su ake turo wa sababbin ma'aurata su yi musu nasiha. Mista Lem ya raka ni mota, ya dafa ƙofar, ya rage murya. Ya ce shi ya kai mahaifiyata rumfar zaɓe har zaɓenta na ƙarshe, ya san ni tun ina rarrafe, layi ɗaya ne kawai zan cika. Ya ce ba zai iya kwashe mutanensa yini guda ba, sannan da yamma a miƙa masa takarda mai sunayen mutanen bakin teku da ba su san akwai Mosley ba. A mazaɓar da ubansa ya jefa ƙuri'a yake so ya jefa tasa.

Na ce masa ba zan rubuta saɓanin abin da na ji da kunnena ba. Amma na faɗa masa sauran dokar: wanda ya koma wani wuri, ya yi kwana talatin a can kafin ranar zaɓe, to can ne mazauninsa. Saura kwana talatin da tara. Ɗakin gaba taku shida ne daga nasa.

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ɗan Hattie, ita ta ce in fita. Sai ita ta ce in dawo."

Daga baya na ji asalin maganar a bakin Mis Odessa. Wani lokaci ne tana fama da ciwon kai, minsharinsa ya hana ta runtsawa, ta ce ya je ya kwanta a ɗakin da ya gina tun da yana ji da shi. Kwana ɗaya take nufi. Shi kuwa ya kwashi filonsa da rediyonsa da hotunan ubansa. Ta jira ya nemi dawowa, ya jira ta kira shi, har aka aurar da 'ya'ya aka yi jikoki.

Ranar ɗaya ga Oktoba ya bugo mini waya ya ce in zo da sabuwar takarda. Na isa da ƙarfe bakwai na safe, kafin a buɗe ofis. Na tarar da shi a barandar gaba, zaune a kan wani gadon sojoji mai naɗewa da ya aro daga ma'ajiyar coci, ya lulluɓa da bargo biyu, rediyo a gefe. Ya ce in auna. Na auna, ƙafafun gadon huɗu duk suna cikin tsohuwar mazaɓa. Na buɗe littafin doka na sake karantawa a tsaye. Ba ta ce lallai sai ɗaki ba, cewa ta yi inda mutum ya saba kwana. Na ce masa sabo ba ya samuwa a dare ɗaya, zan riƙa biyowa. Ya ce in biyo, shi ba ya da abin ɓoyewa kuma.

Gaskiyarsa, babu sauran abin ɓoyewa. Kafin Lahadi duk unguwa ta sani. Masu tafiya aiki sukan rage gudu su danna masa ham. Tsohon abokinsa Purvis, wanda gidansa ke gefen nasu kuma ya faɗa Wutsiya gaba ɗaya, ya fito da kujera ya zauna yana tambayarsa ko dikin yana karɓar masu neman nasihar aure a barandar, ko sai an shiga ciki. Ya ce karnukan unguwa sun kawo ƙara, wai ana hana su barci. Mista Lem ya ce masa ya yi magana a hankali, shi yanzu baƙo ne daga bakin teku, bai kamata ya sa baki a harkar 'yan gari ba. Mis Odessa kuwa takan fito da kofi da safe ta ajiye masa a kan dakali, ta ce sannu da aikin ƙasa, ta koma.

Na biyo sau biyar, kowane zuwa na rubuta kwanan wata da lokaci. A zuwa na huɗu sanyi ya sauko, raɓa ta jiƙa bargon sama, yana tari mai fitowa daga ƙirji. Na ce masa ƙuri'a ɗaya ba za ta canza komai ba, an tsara mazaɓar yadda ɗan takararsu zai ci ko da rabin unguwa sun yi barci. Ya ce ya sani, ya fi ni sanin lissafin, shi ya kwashi mutanen. Ya ce masu zanen sun yanke inda za su sa shi ba tare da sun tambaye shi ba, to shi ma zai yanke inda zai kwanta ba tare da ya tambaye su ba.

A zuwa na biyar, sha ɗaya ga wata, gadon yana jingine da bango a naɗe. Mis Odessa ce ta buɗe ƙofa, ta sa yatsa a baki. Tun daga bakin ƙofa nake jin minsharinsa, daga ɗakin gaba, kamar ana jan tebur a kan katako.

"Gyara takardarka," ta ce. "Ba zan bari tsohon banza ya mutu a ƙofar gidana a ce ni na kashe shi ba."

Na tambaye ta ko shi ya nemi shiga, don in san yadda zan rubuta. Ta ce wannan ba ya cikin tambayoyin takardata. Na duba, babu shi. Na dawo da rana ya sa hannu, yana sanye da rigar coci, bai dube ni ba.

Ranar zaɓe a zauren Dutsen Zaitun tarin takardu biyu aka ajiye, ɗaya na tsohuwar mazaɓa, ɗaya na Wutsiya. Mista Lem ya ɗebi mutum sittin da ɗaya. Ashirin da bakwai daga cikinsu takardar Wutsiya aka ba su, har da Purvis, wanda ya ce ba zai je ba, sai da Mista Lem ya tsaya a ƙofarsa yana danna ham har ya fito. Ana saura minti goma a rufe suka shigo shi da Mis Odessa. Ina wurin, na je kai ƙarin takardu. Yarinyar da ke teburi ta duba sunansa, ta miƙa hannu ga tarin hagu, na tsohuwar mazaɓa, ta ba shi. Ya ɗaga takardar kusa da ta matarsa, ya gwada su layi layi, sannan ya shiga bayan labule.

Ɗan takararsu ya ci da rata mai yawa, Wutsiya kuma ta tafi inda aka gina ta ta tafi. Bayan shekara biyu aka sake zane, aka tura duk Unguwar Masaƙa cikin Wutsiya, har da barandar. Ya ci gaba da fitar da mota, ko da yake masu shiga sun ragu, wasu sun ce ba su ga amfanin ba. Littafinsa na ƙarshe mutum talatin da huɗu ne a ciki. Bai koma ɗakin baya ba, Mis Odessa ta cika shi da kwalaben tumatir da na wake.

Ƙa'idar ofis ta ce idan mai rajista ya rasu a buga hatimi a katinsa, a mayar da shi inda yake cikin durowa. Na buga. Takardun rantsuwarsa uku, ta ɗakin baya, ta baranda, da ta ɗakin gaba, wa'adin ajiyarsu ya cika tun bara, ya kamata a ce an ƙone su. Na nemi izinin shugabar ofis a rubuce, ta sa hannu, na sa su a ambulan. Gobe da safe kafin a buɗe ofis zan kai wa Mis Odessa.