Ranar da Maƙwabcinmu Ya Haƙa Kabarin Innata

Shekara ashirin da ɗoriya muka yi a unguwar Limawa ta Jimeta, gida jikin gida da wasu Kiristoci 'yan kudancin Adamawa. Maigidan ma'aikacin gwamnati ne, matarsa nas ce a wani ƙaramin asibiti. Ni ina koyarwa a firamare, mijina yana da shagon ɗinki a kasuwar Jimeta. Matar ta girme ni, don haka Adda nake ce mata, wato yaya, mijinta kuwa Hamma, kamar yadda ake yi a garin nan ko ba ka jin Fillanci. Hausarsu irin ta Jimeta ce, ba ruwansu da mace ko namiji. "'Yarka ya dawo daga makaranta?" haka Adda take tambayata. A hannunta na haifi 'yar tawa.

Siyasa ce ta raba mazanmu. Wata kakar zaɓe suna zaune ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida bayan la'asar, kowa da ɗan takararsa, gardama ta yi zafi. Ina daga ciki na ji Hamma ya ce, "Ku kun ɗauka mulki gadonku ne." Mijina ya ce, "In bai yi muku ba, ku koma ƙauyenku mana." Alhali Hamma ya riga shi zuwa Jimeta da shekaru. Hamma ya ɗauki kujerarsa ya shige gida.

Kusan shekara biyu ba gaisuwa. In ɗaya ya fito, ɗayan sai ya tsaya gyaran takalmi har ya wuce. Mu mata ba mu daina ba, amma mun rage murya. Naman layya a ɓoye na aika musu cikin kwanon da na rufe da tsumma. Da shinkafar Kirsimeti ta zo, mijina ya ce a ba yara.

Ana cikin haka 'yan ta'adda suka fara cin garuruwan arewacin jihar. Gari ya cika da shingen sojoji da jita-jita, kowa yana kallon kowa da wutsiyar ido. Wani Inyamuri mai kanti a bakin layinmu ya kwashe iyalinsa ya tura su gida, ya zauna shi kaɗai. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na taɓa hana 'yata shiga gidan Adda, ban kuma san abin da nake tsoro ba.

Wata safiya aka kira ni da lambar da ban sani ba. Yayata ce, tana Sangere, wata babbar mota ta sauke su. Kwana huɗu suka yi suna tafiya a ƙafa ta daji da duwatsu, ita da 'ya'yanta da innarmu da wasu maƙwabtansu. Mijinta sun rabu da shi tun ranar farko, ya koma ɗauko wani tsoho, bai cim musu ba. Da na je na tarar da Inna zaune a gindin mangwaro, ƙafafunta naɗe da gyale. Tana da ciwon suga. Da na kwance gyalen sai da na kau da kai.

Gidanmu ɗaki uku ne, muka wayi gari mun haura ashirin. Ko awa ɗaya ba mu yi da isowa ba Adda ta shigo da roba da auduga da bandeji. Ba ta tambayi kowa izini ba. Ta durƙusa gaban Inna ta ɗora ƙafar a cinyarta, tana ce mata Dada, wato uwa da Fillanci.

"Sannu Dada. Zai yi zafi, ka yi haƙuri."

Na ce, "Adda, na ji ku ma gidanku ya cika."

"Ya cika. 'Yan cocinmu ne, daga can su ma. Mutum ɗaya ne ya kore su duka." Ta ɗago ta dubi yaran da ke jingine da bango. "Ba ni mata biyar, falo yana da wuri."

Mijina yana tsaye yana ji. Washegari muka ga bakin tiyo ya sauko ta kan katanga daga tankin gidansu, ruwa na zuba. Babu saƙo, babu sallama. Kullum da safe haka, har sai mun cika randuna da jarkoki.

Kwana goma Adda tana wanke ƙafar Inna safe da yamma, tana dama mata kunun gyaɗa marar suga. Ta kai mu asibiti, likita ya duba ya ba da magani, amma a hanyar dawowa cikin keke ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, ka shirya zuciya." Yayata kuwa ba ta ci ba ta sha sai maganar mijinta. Mijina ya zaga duk inda aka tara 'yan gudun hijira bai gan shi ba, sai ya ce zai matsa gaba, iyakar inda sojoji za su bar shi. Ya tafi, wayarsa ta daina shiga.

A rana ta uku da tafiyarsa Inna ta cika, bayan azahar. Gidan duk mata ne da yara. Mazan unguwa suna kasuwa da ofis, ga dokar hana fita tana farawa tun rana ba ta gama faɗuwa ba. Ina zaune a tsakar gida na rasa ta inda zan fara, sai na ji sallama. Hamma ne a bakin zaure, da kayan ofis a jikinsa. Rabon da ya taka zauren nan har na manta.

"Malama, ina maigida?"

"Bai dawo ba, Hamma."

"To, ni ina nan. Ka shiga ka zauna da Dada."

Shi ya je ya taso liman. Shi ya bi gida gida yana buga ƙofa, ya je masallaci ya ɗauko makara a bayan a-kori-kurarsa, ya kawo farin yadi. Adda ta dafa ruwa ta kawo har ƙofar ɗaki, ta tsaya daga waje, tsofaffin matan unguwa suka yi wa Inna wanka.

Abin da ya faru a maƙabarta liman ne ya ba ni labari. Ƙasa ta yi tauri, maza kaɗan ne, yawancinsu tsofaffi. Hamma ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya karɓi diga. Wani ya fara gunaguni, wai ta yaya wanda ba Musulmi ba zai haƙa kabarin Musulma. Liman ya ce masa, "Ga shebur nan, in ka iya ka karɓe shi." Mutumin bai karɓa ba. Da aka tashi sallar gawa, Hamma ya koma gefe ya tsaya, hularsa a hannu, tafin hannunsa duk ya ɗuri ruwa.

Bayan kwana biyu mijina ya dawo, ba labari. Na faɗa masa komai. Ya daɗe zaune a bakin gado yana kallon ƙasa, sannan ya tashi ya fita ko riga bai sauya ba. Na bi shi har zaure na laɓe, na ga ya tsaya a ƙofar gidan Hamma.

"Hamma."

"Sannu da hanya. Ka same shi?"

"Ban same shi ba."

"Allah ya bayyana shi. Shigo ka sha ruwa."

Daga baya mijina ya ce ya yi ƙoƙarin ba da haƙuri kan tsohuwar maganar. Hamma ya ce masa, "Maganar nan ya yi mini zafi, ban manta ba. Amma ba Dada ne ya faɗa ba."

Ba su taɓa haɗuwa a jam'iyya ɗaya ba har abada. Ranar zaɓe tare suke tafiya a mota ɗaya, kowa ya dangwala wa nasa, su dawo suna musu. Sai dai na lura akwai inda in sun kai, ɗaya zai ce, "To, a bar shi nan."

Mijin yayata ba a gan shi ba har yau. Ta samu ɗan fili a Namtari tana noma masara, ta ƙi komawa garinsu. Hamma ya yi ritaya, bai daɗe ba hawan jini ya kayar da shi, ya rasu. Mijina ya raka gawarsa har ƙauyen da ya taɓa ce masa ya koma, ya kwana uku a can. Da ya dawo, sati guda bai buɗe shago ba. Adda ta sayar da gidan ta koma wurin ɗanta.

A zaɓen da ya wuce, 'yata da 'yar Adda, waɗanda suka tashi a tabarma ɗaya, suka yi cacar baki a waya kan 'yan takara har suka toshe juna. Na ga abin da 'yata ta rubuta, ta yi wa mutanen kudancin jihar kuɗin goro. Na zaunar da ita na tuna mata wanda ya binne kakarta. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Mama, ai su Adda daban ne." Na tashi na shiga ɗaki na yi kuka.

Adda tana kirana duk Lahadi in ta taso daga coci. Idonta ya fara rauni, jikarta ce ke danna mata lambar. Takan tambayi mutanen layi ɗaya bayan ɗaya, ni kuma in ce wane ya rasu, su wane sun tashi sun koma unguwar da 'yan'uwansu suka fi yawa. Maganar yaran ba ta taɓa ɗauko mini ba, ni ma ban ɗauko ba. Makon jiya ta ce in damina ta wuce za ta zo ta yi mini sati. Na ce ɗaki na nan a share. Bara ma haka muka yi da ita.