Ƙaramin Cokalin Inna Kulu

Duk direban da ya taɓa lodi a tashar Tsafe ya san rumfar Inna Kulu, in bai san fuskarta ba to ya san muryarta. Ni Munzali tun ina yaron mota nake cin tuwonta. Yanzu ga furfura a gemuna, ina jan tawa motar tsakanin Tsafe da Gusau, amma har gobe in na zauna a bencinta sai ta tambaye ni ko na wanke hannu.

'Yar Kucheri ce. An kai ta aure Bilbis, gidan wani manomi mai suna Jatau, mutumin kirki wanda bai cika magana ba, ko kuma dai bai samu fili ba. Da Allah ya yi masa rasuwa, ya bar mata 'ya ɗaya, Sa'adiya, da babbar tukunya, da wani jaki mai taurin kai. Ta sayar da jakin, ta ɗauko yarinyar da tukunyar ta taho Tsafe. Zawarawa suka yi ta zarya. Ta ce ta lura duk wanda ya zo idonsa na kan tukunya, to gara ta sayar masa da tuwon ta huta da wankin rigarsa.

Tsarin cinikinta guda ne tun farko, shi ne ci-ka-ƙoshi. Kuɗi ɗaya za ka biya, ka zauna, ta yi ta ɗora maka malmala da miyar kuka har sai ka ɗaga hannu da kanka. Masu abinci na gefenta sun daɗe suna jiran ranar da za ta karye, har wasu sun tsufa suna jira. Akwai Jibo ɗan dako, wanda in ya zauna sai benci ya yi ƙara, in ya tashi kuma tukunya ta yi ƙara. Mun sha ba ta shawara ta ninka masa kuɗi, ko ta ce masa tuwo ya ƙare. Sai ta harare mu ta ce, "Ni nic ce ci-ka-ƙoshi, ba wani ya sa ni ba. In cikin Jibo rijiya ne, wannan tsakaninai da Ubangijinai." Tana zaginsa tana ƙara masa miya.

Sa'adiya ta girma, ta auri wani makanike, Anas, ya tafi da ita can Fatakwal. Da ta samu cikin fari, Inna Kulu ta fara shiri kamar za ta aurar da gari. Kowa ya san haihuwar fari a gaban uwa ake yin jegonta. Ta tara itace, ta sayi kanwa da gero, ta yi wa mahauci kashedi tun da wuri a kan ƙafar saniya ta mai jego. Sai haihuwar ta zo kafin lokacin da aka lissafa, tun Sa'adiya ba ta kama hanya ba. Aka samu 'ya mace. Anas ya ce ba mai ɗora masa mai jego da jaririya a wannan doguwar hanya sai an yi arba'in, kuma gaskiyarsa. Ita kuwa Inna, gwiwoyinta sun kumbura, ko Gusau ta je sai an sauko da ita kamar buhun gero. Na ga ranar da ta zauna tana kallon itacen nan da ta tara, ba ta zagi kowa ba har la'asar. Wallahi ta ba ni tausayi, kuma duk tashar ba wanda ya ji daɗin tuwonsa.

A nan Badamasi ya shigo. Badamasi shi ne mai sayar da katin waya da data a ƙarƙashin wata lema kusa da ƙofar tasha, ga iyali ga bakin talla. Ya ce ai abin ya zo da sauƙi, ga babbar wayar da Anas ya aiko mata tana ajiye cikin kwalla, za ta iya ganin Sa'adiya ido da ido safe da yamma. Abin da take buƙata kawai shi ne data marar iyaka ta wata guda. Ta ce mene ne kuma marar iyaka. Ya ce, "Inna, kamar tuwonki ne. Biya ɗaya, ci-ka-ƙoshi."

Da a ce wata kalma daban ya yi amfani da ita, da Inna ta yi ciniki, ta yi tambaya, ta kira shi ɓarawo sau biyu kafin ta kwance bakin zane. Amma ya taɓo abin da ta sani. Matar da ta shekara da shekaru tana ciyar da Jibo ba ta taɓa kawowa a ranta cewa wani zai furta wannan kalma da wasa ba. Ta biya kuɗin da ya kusa cinikinta na wuni biyu ba ta nemi ragi ba, har ta yi wa kamfanin wayar addu'a.

Kwanakin farko an sha kallo. Ta jingine wayar a jikin gwangwanin yaji, ta bar ta a kunne tun safe. Can Fatakwal wata maƙwabciyar Sa'adiya, Nafisa, ita ke yin hidimar wankan, Inna kuma ke ba da umarni daga Tsafe da muciya a hannu. "Ke Nafisa, kusanto da wayar in ga tururin! Wanga ruwa ko na alwala ya fi shi zafi, mai da shi wuta!" A nuna mata ganyen darbejiya ta ce ya yi kaɗan. A ɗaga ludayin kunun kanwa ta ce ya tsinke. Mu direbobi muna cin tuwo muna sunkuyar da kai, mun san abin da bai kamata namiji ya sani ba game da jego. Jaririyar kuwa kullum tana naɗe cikin zani tana barci, Inna ba ta samu ta ƙare mata kallo ba. Ta ce ba komai, ranar suna za a yi mata kwalliya a ɗago mata ita ta gani da kyau.

Ana saura 'yan kwanaki suna, wayar ta fara abin kunya. Sa'adiya za ta buɗe baki ta tsaya cak, bakin a buɗe, muryar kuma sai ta iso daga baya a gutsuttsure. Daga nan fuskar ta narke ta zama kamar an zubar da kunu a gilashi, wani ɗan zobe ya fito tsakiya yana ta juyawa. Inna ta goge wayar da gefen zani, ta ɗaga ta sama, ta tofa mata addu'a. Da abin ya ƙi, ta aika a kira Badamasi.

Ya duba ya ce, "Inna, datarki ba ta ƙare ba. Tana nan har ƙarshen wata. Gudun kawai anka rage."

"Wa ya rage?"

"Kamfani. In kin sha da yawa, sai su rage miki gudu."

"Ba kai kac ce ci-ka-ƙoshi ba?"

"Ai ba a hana ki ci ba, Inna. A hankali dai za ki ci."

Washegari ta bar wa mai wanke-wankenta rumfa, abin da ba ta yi ba ko ranar da haƙorinta ya kumbura, ta shiga gidan gaba na motata muka nufi Gusau. A ofishin kamfanin wata yarinya mai ladabi, Khadijat, ta nuna mata inda aka rubuta sharaɗin a takardar tallarsu, can ƙasa, da rubutu kamar ƙafar tururuwa. Inna ta sa tabarau ta cire, ba ta ga komai ba, ga shi dama ba ta karatun boko. Ta ce a maido mata rabin kuɗinta tunda rabin abin aka ba ta. Khadijat ta ce ba ta da wannan iko, ta rage murya ta ce ita ma tata wayar haka take yi mata. Muna fitowa wani mai gadi ya rantse mana cewa a Bungudu sabis ya fi ƙarfi. Don dai a zauna lafiya na kai ta, tana da ƙane a can. Aka sa ɗan gidan ya hau katanga ya miƙa wayar sama kamar mai neman wata. Zoben nan ya juya a Bungudu daidai yadda ya juya a Tsafe. Muka dawo Tsafe, na ƙona mai a banza.

Ana gobe suna, da azahar, Badamasi ya zo cin tuwo kamar kullum, ya biya ya zauna. Inna ta yi masa fara'ar da ta sa ni gyara zama, don na san ta. Ta cika masa kwano fal, malmala a kan malmala, miya har baki. Ya kai hannu sai ta buge hannun da muciya. Ta zaro wani ɗan cokalin roba, irin wanda ke zuwa cikin kwalin maganin tarin yara, ta ajiye masa.

"Da wanga za ka ci. Ba hannu."

"Haba Inna!"

"Tuwonka bai ƙare ba, yana nan har magariba. Gudun kawai anka rage."

Tashar ta ɗauka. 'Yan kamasho suka bar lodi, Jibo ya yi dariya har ya ƙware. Badamasi ya ɗauki cokalin, ya gutsuri abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba ya kai baki. Inna ta tsaya kansa, hannu a ƙugu, tana ba da karatu: in ƙaramin cokali za ka ba mutum, ka faɗa masa tun bai zauna ba, ka karɓi kuɗin ƙaramin cokali, ya sani ya zaɓa. Amma ka karɓi kuɗin ƙoshi ka sallame shi da yunwa, ko a kasuwar Tsafe ba a yin wannan.

Shi dai yana ta tsintar tuwo. Can aka kira shi daga lemarsa, mai saye na jira. Ya miƙe, ya dubi kwanon da ko kansa bai rage ba, ya ce, "Inna, gaskiya ɗaya. Da ƙaramar data mai arha nis sayar miki, kina sawa lokacin wanka kina kashewa, da ta kai ki suna da gudunta. Babbar ta fi kawo mini riba, shi ya sa. Ki yafe mini." Ya juya zai tafi, yana shafa ciki bai ma sani ba.

Na ga fuskar Inna ta canja. Tunda ta kafa rumfar nan ba a taɓa samun wanda ya tashi daga bencinta da yunwa ba, yau ga shi ita da kanta ta jawo. Ta fizgi cokalin ta wurga shi saman kwanon rumfa, yana can har yanzu. "Dawo nan, ɗan banza! Zauna ka ci da hannunka. Ni ba kamfani ce ba." Ta ƙara masa nama biyu, tana yi masa Allah ya isa.

Ranar suna da hantsi Badamasi ya zo da tasa wayar, wadda ya sa wa 'yar ƙaramar data daga aljihunsa, ya ce gyara ce. Ya ce ba za ta daɗe ba, kada a tsaya gaishe-gaishe. Muka kewaye benci. Hoto ya fito tar. Ga Sa'adiya ta sha lalle tana dariya, ga Anas a bayanta yana cewa an raɗa wa yarinya Hauwa'u, wato sunan Inna na yanka, za a riƙa kiranta Uwani. Inna ta buɗe baki ba abin da ya fito, karo na farko a tarihin tashar Tsafe. Duk da haka sai da ta ɓata rabin datar wajen yi wa Nafisa faɗan ɗaurin zanin mai jego.

Sannan Sa'adiya ta ɗago jaririyar ta kusanto da ita. An sa mata kwalli, idonta biyu, ta yamutsa goshi tana hararar duniya, irin hararar da muka sha a gaban tukunya. Daidai nan datar ta ƙare, hoton ya tsaya cak.

Badamasi ya miƙa hannu zai karɓi wayar ya ga ko da dabara. Inna ta rungume ta a ƙirji.

"Bar ta nan. Kak ka taɓa."

Ta koma kan kujerarta ta zauna, tana share ido da gefen mayafi, tana ɗan taɓa gilashin da yatsa kada hasken ya mutu. Masu sayen kati suka yi ta jiran Badamasi, shi kuma yana jiran wayarsa bai da bakin tambaya. Tuwon ranar ya yi gudaji ya kama ƙasan tukunya, muka cinye shi haka nan, Jibo har ya nemi ƙari.